Kundin aikin killace babur a gida

2 ga Maris

Na fara gyaran wurin da babur ɗina yake kwana, kuma zan riƙa rubuta abin da aka yi daki-daki, ko zai amfani masu babur irina da suke barci da kunne ɗaya a waje. Babur ɗin ƙarami ne, mai inji 150, birkin gabansa na faifai, na baya na ganga. Da shi nake fita nema, da shi nake dawowa. A yanzu yana kwana ne a tsakar gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano, inda duk wanda ya leƙo ta ƙofar waje zai hango shi. Abin da ke tsare da shi makullin wuya ne, sai sakata da kwaɗon ƙofa.

Kafin in sayi komai, na zauna na lissafa hanyoyin da babur yake barin gidan mai shi. Akwai a karya makullin wuya a tura shi a ƙasa sai an yi nisa a tayar. Akwai a tayar da shi nan take, in an dace da mabuɗi ko an san kan wayoyinsa. Akwai kuma a ɗauke shi cak, a jefa a bayan mota. Wannan ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai, don babu wani kwaɗo da za ka rataya a jikin babur ya hana ta. Babur irin nawa nauyinsa bai wuce kilo 120 zuwa 140 ba, ƙarti biyu ko uku sun ishe shi. Hatta manya da suka haura kilo 200, in mutum huɗu suka zura sanduna ta cikin tayoyi, sai dai labari. Shi kuwa makullin wuya wani ɗan guntun ƙarfe ne da bai kai ɗan yatsa kauri ba, yana faɗawa wani rami a wuyan firam. In aka fizgi kan babur da ƙarfi sai ya karye ko ya tsaga gurbinsa.

Don haka tushen aikin nan guda ne: babur ya kwana a ɗaure da abin da ba ya ɗaukuwa. Fitila da kyamara da ƙararrawa duk za su zo, amma a kan wannan za su hau.

6 ga Maris

Zaɓen wuri. Tunanin farko da ke zuwa wa kowa shi ne a shigo da babur cikin ɗaki a huta, kuma na daɗe ina juya shi kafin in ajiye. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya fice ta taga, ƙasa yake bi yana kwanciya. Kuma fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a ɗakin da ake zaune. Ƙaramin yoyo a kafireto ko a tiyon mai, ga soket a kusa da ƙasa, ga mutane suna barci, wannan ba cinikin da zan shiga ba ne. Sannan babur a bakin ƙofar ɗaki yana tare hanyar fita ranar da ake neman fita da gudu. Wanda ba shi da wani wuri sai ciki, to ya rufe famfon mai, ya bar iska tana shiga, kada kuma ya kuskura ya tayar da inji a rufaffen ɗaki, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, amma tana kisa.

Na zaɓi lungun da ke ƙarshen rumfar. Katanga ce ta ɓangare biyu, ba a hango shi daga ƙofar waje, kuma tagar ɗakin da nake kwana tana kallonsa. Ƙuncin wurin ma riba ne. Babban almakashin ƙarfe yana da dogayen hannaye, sai da fili ake buɗe shi a danna. Guduma ma tana son wurin lilo. Lungu yana hana duka biyun sakewa.

Na ƙwanƙwasa daɓen wurin na ji yana amsawa kamar akwai rami a ƙasa. Da na fasa gefe na duba, shafen siminti ne da bai kai santimita 4 ba a kan ƙasa. Duk abin da aka kafa a nan, ƙarfen banƙara ɗaya zai tumɓuke shi har da daɓen. Masu ƙera maɗaurin ƙasa sukan nemi kankare mai kaurin santimita 10 zuwa 15 aƙalla. Ke nan sai an yi haƙa.

9 ga Maris

Maɗaurin ƙasa iri biyu ne. Akwai wanda ake huda kankaren da ke akwai a ɗaure shi da manyan notuna masu buɗewa a cikin rami, sannan a buga ƙwallon ƙarfe a kan kowane noti don kada sifana ta sake kama shi. Wannan na mai kyakkyawan daɓe ne, ko ɗan haya da ba zai iya haƙa ba, in mai gida ya amince. Akwai kuma wanda ake binnewa a cikin sabon kankare tun yana ɗanye. Tunda dole in haƙa, na biyun na ɗauka.

Na je wurin mai walda da zanen abin da nake so. Da ya duba sai ya ce, "Maigida, me zai sa ka wahala? In lanƙwasa maka rodi mai kauri kamar kunne, ka binne ƙafafunsa, shi ke nan." Na ce, "Malam, wannan rodin da me kake yanka shi a nan?" Ya nuna mini almakashinsa da ke jingine. Daga nan muka fahimci juna. Rodi ƙarfen gini ne, an yi shi ne ya lanƙwasu, ba a gasa shi ya yi tauri ba. In ka ɗaura sarƙa mai tsada a kunnen rodi, ɓarawo ba zai ko kalli sarƙar ba, kunnen zai yanke ya tafi da babur da sarƙar tare.

Abin da muka tsaya a kai shi ne bututun ƙarfe mai kauri, a haɗa shi ya yi gwiwa, bakinsa biyu suna kallon sama, duk jikinsa yana cikin kankare. Sarƙa ta shiga ta wannan baki ta fito ta wancan. Babu abin da ya ɗago sama da daɓe da za a sa wa almakashi ko zarto, kuma babu abin da zai sa mutum tuntuɓe da dare. Faɗin cikin bututun muka sa kusan santimita 8, saboda sarƙa mai kauri da rigarta ba za ta bi ƙaramin rami ba. Ya huda ƙasan gwiwar don ruwa ya riƙa tsiyayewa, ya kuma yi wa jikinsa fukafukai da guntayen rodi, yadda kankare zai riƙe shi ta ko'ina. A nan rodi yake da amfani.

15 ga Maris

An zuba kankare yau. Ramin santimita 60 ne tsawo, 60 faɗi, zurfi 50, kuma na sa aka ɗan buɗa ƙasansa ya fi bakinsa faɗi don kada a iya zare shi sama. Kankare yakan kai kilo 2,400 a kowane dunƙule mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi, ke nan wannan dunƙulen zai haura kilo 400. Ya ninka babur ɗin sau uku.

Mun zuba tsakuwa a ƙasan ramin daidai inda hudar gwiwar za ta zauna, muka toshe bakunan bututun da tsumma, muka daidaita su da fuskar daɓe. Kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 3. Inda muka ɗan ja da magini shi ne ruwa. Shi yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi saurin bin lungu, ni kuma na nace a bar shi da kauri. Ruwan da ya wuce kima in ya bushe ƙananan ramuka yake bari a cikin kankare, ƙarfinsa ya ragu. Muka zuba kashi-kashi, ana caccaka da rodi har iskar da ke ciki ta daina fitowa.

Yanzu sai haƙuri. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa ne yake haɗuwa da siminti a hankali, shi ya sa ake ba shi ruwa. A mako na farko yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ma'aunin da injiniyoyi suke amfani da shi kuwa kwana 28 ne. Zan jira su cika.

17 ga Maris

Ban ruwa safe da yamma, an lulluɓe wurin da jiƙaƙƙen buhu. Kafin ya nuna, babur yana kwana a ɗaure da ginshiƙin rumfa da wata tsohuwar sarƙa. Ba wata sarƙar kirki ba ce, amma ta fi babu.

22 ga Maris

Sarƙa da kwaɗo. A nan ne mafi yawan kuɗin aikin zai tafi, kuma a nan aka fi yaudarar mai saye, don sarƙa mai ƙyalli da kauri a ido tana iya zama ɗanyen ƙarfe.

Abu biyu ake dubawa, kauri da gashi. Kauri shi ne na ƙarfen da aka yi kowane zobe da shi. Sarƙa mai milimita 8 ko 10, babban almakashi yana datse ta ba tare da wani ƙara ba. Mai 13 tana ba shi wahala. Daga 16 zuwa sama, in ƙarfen mai kyau ne, bakin almakashin hannu ba ya iya cin ta. Gashi kuma shi ne yadda aka sarrafa ƙarfen da wuta. In bai gasu ba, zarto zai ci shi. In ya gasu ya wuce kima har cikinsa, sai ya yi gautsi, guduma ta fasa shi. Mai kyau ita ce wadda bayanta ya yi tauri, cikinta kuma yana da sauran danƙo. Sarƙar jan kaya ko ta ɗaga inji, duk kaurinta, an yi ta ne don ɗaukar nauyi, ba don ta ƙi yankuwa ba.

Da ido ba a gane wannan, shi ya sa na nemi wadda wata hukumar gwaji ta sa wa hannu. A Ingila akwai Sold Secure, wadda 'yan sanda suka assasa a 1992, yanzu tana hannun ƙungiyar masu sana'ar makullai ta ƙasar. Suna kai wa kwaɗo da sarƙa hari da irin kayan da ɓarayi ke amfani da su, sannan su ba da daraja: tagulla, azurfa, zinariya, lu'ulu'u. A Holan akwai ART, mai ba da taurari daga 1 zuwa 5, kuma na babur daga 4 yake farawa. Wanda bai samu mai irin wannan shaida ba, akwai gwajin da kowa zai iya yi a gaban mai sayarwa in ya yarda: a goga zarton ƙarfe ko magagari a jikin zobe. In ya kama ya fara cin ƙarfen, a bar ta. In ya zame yana santsi, to bayanta dai ya gasu.

Na ɗauki mai milimita 16, mita ɗaya da rabi. Nauyinta ya haura kilo 4 a kowace mita, ba ta yawo ba ce, ta gida ce. Tsawon ma da gangan na taƙaita. Sarƙar da ta yi yawa sai ta kwanta a ƙasa, kuma ƙasa ita ce mataimakiyar ɓarawo: a kanta yake kafa hannu ɗaya na almakashi ya hau ɗayan da dukan nauyinsa, a kanta yake ɗora zobe ya sara da guduma.

Kwaɗon na ɗauki mai rufaffen wuya, wanda jikinsa ya taso ya lulluɓe marfin, in zoben sarƙa ya shiga ba a ganin wurin sa almakashi. Sarƙa mai 16 da kwaɗon da wuyansa yake a fili kamar na shagon kayan miya ɓarnar kuɗi ce, don ƙarfin duka abin yana tsayawa ne a inda ya fi rauni.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce injin yankan ƙarfe mai batir yana cin kowace sarƙa. Abin da mai kauri take saya maka shi ne lokaci da ƙara. Zobe mai kauri sai an yanka shi gefe biyu kafin ya buɗe, kuma injin yana ihu yana watsa tartsatsi, a ƙarƙashin tagar mai gida, da tsakar dare. Ɓarawo yana lissafi kamar kowa. A 'yan shekarun nan kamfanoni irin Hiplok da Litelok sun fito da makullai da aka haɗa ƙarfensu da wani abu mai cinye faifan injin kafin faifan ya cinye shi. Ina sa ido a kansu, wataƙila nan gaba in ƙara ɗaya.

29 ga Maris

Ƙofar waje. Kwaɗonta babba ne, amma maƙalinsa da ƙananan kusoshi aka ɗaura shi, kawunansu a waje, mai sukudireba zai kwance su ba tare da ya taɓa kwaɗon ba. An canja su da notuna masu sulɓaɓɓen kai da suka ratsa ƙyauren, aka ɗaure ta ciki. Hinjin ma na duba, ashe in aka ɗaga ƙyauren sama zai fita daga mazauninsa. Mai walda ya ɗana guntun ƙarfe a saman kowane hinji, yanzu ba ya ɗaguwa.

Da yamma na tara mutanen gida a kan maganar mabuɗi. Mafi sauƙin satar babur ita ce wadda aka yi da mabuɗinsa, kuma mabuɗin da aka rataye a bayan ƙofa ko aka yar a kan taga, da sanda mai ƙugiya ake jawo shi. Ƙanena ya ce, "Yaya, to in ina son fita da sassafe kana barci fa?" Na ce ya tashe ni. Mabuɗin sarƙa ba zai zauna a zobe ɗaya da na babur ba, don kada faɗuwar ɗaya ta zama faɗuwar duka, kuma na ajiya yana can ƙuryar ɗaki. Na kuma roƙe su a daina ɗaukar hoto a gaban babur ana sawa a intanet, lamba a fili, ƙofar gida a baya.

3 ga Afrilu

Aikin takarda, ba shi da wahala amma shi aka fi mantawa. Na ɗauki hoton lambar shasi da ke buge a wuyan firam, da lambar inji, da babur ɗin ta kowane gefe, har da lotsawar tanki da ƙujewar salansa, don irin waɗannan tabo su ne shaidar da mai kaya kaɗai ya sani. Lambar shasi ta zamani haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa I da O da Q a cikinta saboda kada a rikita su da 1 da 0. In ka kwafa ka ga ɗayansu, sake dubawa. Na adana hotunan a waya da kuma imel. Takardun asali sun bar ƙarƙashin kujerar babur sun koma cikin gida, don babur da aka sace da takardunsa ya fi saurin shiga kasuwa.

Da yawa daga baburan da aka sace ba a ɗinke suke ƙarewa ba, wargaza su ake yi. Don haka na zana wata alama tawa a ɓoyayyun wurare, cikin murafun gefe, ƙasan kujera, bayan fitila. Mai inshora kuma ya karanta takardarsa da kyau, wasu suna gindaya sharaɗin inda babur zai kwana da irin makullin da za a sa masa.

12 ga Afrilu

Kankare ya cika kwanakinsa. Na zare tsumman, na zura sarƙar ta baki ɗaya, ta ɗan tirje a gwiwa, na jijjiga ta, sai ga kanta ya ɓullo ta ɗaya bakin.

Ina za a ratsa ta a jikin babur? Ba tayar gaba ba, noti kaɗan ne tsakaninta da fita, a bar maka taya a ɗaure a tafi da sauran. Tayar baya ta fi wuyar cirewa saboda sarƙar gudu da birki, amma ita ma tana fita. Wurin da ya fi shi ne firam kansa. A nawa akwai wata kafa tsakanin bayan inji da ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, na gwada sarƙar ta wuce da ƙyar. Sai na haɗa biyu: ta bi ta firam, ta zagayo ta cikin tayar baya, ta dawo. A haka ta ɗame sosai, babu zobe ɗaya da ya taɓa ƙasa in ban da inda ta nutse cikin bututu. Kwaɗon yana rataye a sama, ta ɓangaren katanga, ramin mabuɗinsa yana kallon ƙasa don kada ruwa da ƙura su shiga, kuma mai son taɓa shi sai ya kwanta a matsatsin da ke tsakanin babur da bango.

Daga nan na ga wata matsalar da ba ta cikin lissafi. Duk abin da ya wahalar da ɓarawo, ni ma zai wahalar da ni, kuma shi sau ɗaya zai zo in zai zo, ni kuwa kullum ne. Ka dawo a gajiye, ana ruwa, ka durƙusa a kan siminti kana laluben kafar firam a duhu da sarƙa mai kilo bakwai, salansa da zafi kusa da hannunka. Daren farko za ka yi, na goma ma za ka yi. Wata rana sai zuciya ta ce yau ɗaya dai ba komai, daga nan yau ɗaya ta zama ɗabi'a. Na san gidajen da sarƙa mai kyau take kwance tana tsatsa a gefen babur. Don haka na ba sauran yinin ga sauƙaƙa wa kaina aikin, kuma ina ganin wannan ɓangaren bai gaza zuba kankare muhimmanci ba.

Na shafa farin fenti a daɓe inda tayar baya za ta tsaya da inda jak zai sauka, yadda kafar firam za ta zo daidai saman bakin bututu ba sai an yi ta gaba da baya ba. Sarƙar ba ta fita daga bututun, a nan take zama. Na kafa ƙugiya biyu a bango daidai gwiwa, in na kwance da safe sai in rataye kowane kai a tasa, da dare in miƙa hannu in same su inda na bar su. Na ɗaura wata 'yar igiya mai kauri a zoben ƙarshe, ita nake fara turawa ta kafar firam, in jawo ta ɗaya gefen, sarƙar ta biyo. Na ajiye guntun roba na durƙuso. Na juya tsayuwar babur ɗin yadda salansa za ta koma nesa da inda hannuna ke shiga. Da aka gama, ɗaurin ya zama abin da ake yi kafin a gama amsa sannu da zuwa.

16 ga Afrilu

Mayafi da makullin faifai. 'Yan sandan Landan sun daɗe suna yi wa masu babur nasiha da abu uku, a kulle, a ɗaure, a lulluɓe, kuma na ukun ne mutane suka fi rainawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mai leƙe yana son ya san irin babur ɗin, sabo ne ko tsoho, da me aka ɗaure shi, don ya san kayan aikin da zai zo da su. Mayafi yana hana shi duka wannan, sai ya shigo ya ɗaga, ɗagawar kuma kasada ce. Na ɗauki baƙi marar rubutu. Wanda aka buga wa sunan kamfanin babur a jiki talla yake yi wa ɓarawo. Sai salansa ta huce nake rufawa, in ba haka ba ta narkar da shi.

Makullin faifai yana kama faifan birkin gaba, taya ba ta juyawa. Nawa mai ƙararrawa ne, irin waɗanda ƙararsu ke kai desibel 110 zuwa 120, in aka girgiza babur sai ya fara gargaɗi, in aka ci gaba ya ɓarke. Haɗarinsa ɗaya ne, kuma a kan mai babur yake: ka manta da shi ka ja, taya ta yi rabin juyi ta tsaya cak, ka faɗi ko ka lalata birki. Shi ya sa yake zuwa da wata igiya mai launi da ake maƙalawa daga makullin zuwa hannun birki. Ba na sa ɗaya ba tare da ɗayan ba. Mai birkin ganga gaba da baya ba shi da wurin sa wannan, sai ya nemi ƙaramar sarƙa ta biyu ko makulli mai siffar baka ya ratsa tayar gaba.

Daren jiya iska ta kaɗa mayafin, ƙararrawa ta tashi gida. Na ɗaure mayafin ta ƙarƙashin inji ya daina kaɗawa. Ƙararrawar da ke ihu ba dalili, nan da nan maƙwabta suke daina jin ta.

20 ga Afrilu

An kafa fitila mai kama motsi a tsayin da ya ɗan haura mita 2, inda hannu ba ya kai wa. Irin wannan ɗumin jiki take ji, kuma ta fi gane wanda ya gitta ta gabanta a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, don haka na karkata ta yadda mai zuwa daga ƙofa dole ya ratsa ta gefe. Tana da nata batir da faifan hasken rana, ɗaukewar wuta ba ta shafe ta ba.

Kyamara ban sa ta can sama ba, don daga sama hula kawai ake gani. Tana daidai fuska, a ɓoye, tana kallon ƙofa, kuma tana tura hoto waya nan take. Wadda ke ajiya a katin cikinta kaɗai, in an ɓalle ta an tafi da shaidar. Ban ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta ba, kyamara ba ta riƙe babur.

27 ga Afrilu

Abin da ya rage shi ne na bayan an riga an yi sata, wato na'urar bin sawu. Na kai wa mai gyaran waya muka duba wuri. Tana karɓar saƙon tauraron ɗan Adam ne, saƙon kuma ba ya ratsa ƙarfe, don haka sai a ƙarƙashin roba, ba ƙarƙashin tanki ba. Ƙasan kujera kuma nan kowa yake fara dubawa. Tana buƙatar layin waya mai rai, sannan tana tsotsar batir ko babur yana kashe. Batirin ƙaramin babur ba shi da yawan ajiya, in ya kwana biyu ba a hau ba zai iya sauka. Mun yi shawarar a haɗa ta da fis nata, a kuma nemi mai batirin ciki da ke turo saƙo da zarar an yanke mata wuta.

Na yi tunanin AirTag, wani ɗan abin bin sawu da kamfanin Apple ya fitar a 2021. Ƙarami ne, batirinsa yakan kai shekara, amma ba ya magana da tauraro, wayoyin iPhone da ke wucewa kusa da shi yake dogaro da su. Kuma an tsara shi ya tona kansa, wayar wanda yake tafiya da shi za ta sanar da shi cewa wani abu yana bin sa, har wayoyin Android yanzu suna yin haka. A matsayin na biyu zai yi, ba na farko ba.

An san ɓarayi da ajiye babur a wani lungu na 'yan kwanaki su ga ko za a biyo shi, wannan ne lokacin da na'urar take biyan kuɗinta. Na faɗa wa ƙanena, na kuma faɗa wa kaina: in ta nuna wuri, 'yan sanda ake kai wa, ba a zuwa kai kaɗai.

Mako mai zuwa za a haɗa na'urar, a kuma sa wani ɓoyayyen maɓalli da zai hana inji tashi ko da mabuɗi ya juya. Sai ɗiga wa kwaɗo mai, da duba cikin bututun bayan ruwan sama in ga ko hudar ƙasan tana tsiyayewa yadda aka tsara. Akwai kuma katangar bayan rumfa, wadda ta fi sauran gajarta, magini zai zo ya auna.